Yadda za ka sake shirin jarrabawar dokar laifuka bayan ka faɗi a Law School

Idan sakamakon Bar Final, jarrabawar ƙarshe ta makarantar horar da lauyoyi, ya fito ka ga Criminal Litigation, wato darasin shari'ar laifuka, ce ta kayar da kai, kada ka ɗauko littattafan bara ka kama su daga shafin farko. Karatun da bai kai ka ba, maimaita shi ba zai kai ka ba.

Fara da gano inda ka karye. Ɗauki tambayar wata shekara da ta wuce, ka rufe littafi, ka sa agogo, ka amsa. Sai ka kai wa wanda ya riga ya zama lauya ya duba ba sani ba sabo. Wani dokar ce bai sani ba, wani lokaci ne ke ƙure masa, wani kuma ya san komai amma ya kasa rubuta takardar tuhuma. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Daga nan ka saba wa kanka da tambaya biyu kafin ka rubuta ko kalma: a ina aka aikata laifin, kuma wace kotu ce ke da hurumi? Nan ne maki ya fi zubewa. Wajen kundin dokokin laifuka, Arewa da Abuja Penal Code ake bi, Kudu Criminal Code. Wajen tafiyar da shari'a, dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, tana aiki a kotunan tarayya da Abuja, jihohi kuma suna da nasu, kamar ta Kano ta 2019. Raba takarda gida biyu, ka jera su kafaɗa da kafaɗa: kisan kai a sashe na 316 na Criminal Code, a Penal Code kuma a sashe na 221. Dubi shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961. Kotun gargajiya ta hukunta wata mata kan zina, babbar kotu ta soke hukuncin domin babu rubutacciyar dokar da ta mai da abin laifi a wurin. Amma a Penal Code, sashe na 387 da 388 sun tanadi hukuncinsa. Aiki ɗaya, amsa biyu, wuri ne ya raba su.

Haddar sassa kuwa, zaɓi kaɗan ka riƙe da kyau. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999: a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36(5): ba shi da laifi sai an tabbatar. Sashe na 135 na dokar shaida ta 2011, kan nauyin hujja. Sashe na 7 na ACJA, wanda ya hana kama wani a madadin wanda ake nema.

Sai rubutu. Kullum ka rubuta takardar tuhuma ɗaya ko takardar neman beli da hannunka, ba a waya ba, tunda da biro za ka shiga ɗakin. In kana da hali, ka je kotun majistare mafi kusa ka zauna a baya da safe. Ka ji yadda ake karanta wa wanda ake tuhuma FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda kan laifin, da yadda lauya ke miƙewa ya nemi beli. Abin da ka gani da idonka bai cika ɓace maka ba.

Ka ware wa sauran darussan da za ka sake nasu lokacin. Makonni biyun ƙarshe kuma ka daina buɗe sabon babi, ka koma amsa tsoffin tambayoyi da agogo a gabanka.