Ga masu jinyar mai ciwon huhu

Salam jama'a. Hunturu ya shigo, ƙurar Zariya kun santa, to ga abin da muke wa Babanmu. Shi da zarar numfashi ya sarƙe masa sai tsoro ya kama shi, tsoron ya sa shi haki da sauri-sauri, hakin ya ƙara toshe ƙirjin, haka abin ke ta zagayawa. Sai mu zaunar da shi ya ɗan duƙo gaba, gwiwar hannu kan cinya, ya ja iska ta hanci a ƙirga 2, ya fitar ta baki a tsuke kamar mai hura koko a ƙirga 4. A sa masa fanka ko mafici a fuska, wallahi yana taimakawa. Kuma don Allah a daina taruwa a kansa ana kururuwa, ƙara firgita shi ake yi.

In ya daina zuwa masallaci, ba cin abinci ba hira, kar a ce tsufa ne kawai, a faɗa wa likita, ƙila ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. In kuwa ya kasa magana, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko inhela (maganin shaƙa) ba ta yi ba, a wuce asibitin koyarwa na Shika nan take.