Yadda ake ceto kifin ado idan bakteriya ta kama shi

Da safe ka leƙa tankin gilashi sai ka ga kifin da jiya yake ta zirga-zirga yau ya lafe a ƙasa, jelarsa ta fara zagwanyewa gefenta ya yi fari, ko bakinsa ya yi wani abu kamar auduga. Toh kar ka ruga siyo magani tukuna, ruwan za ka fara tuhuma.

Ɗauko kayan gwaji ka auna amoniya da nitrite, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, dukkansu sifili ya kamata su nuna. In sun hau ko kaɗan ne, to nan matsalar take, domin ƙwayoyin bakteriya irin su Aeromonas dama suna cikin ruwan, sai jikin kifi ya yi rauni suke samun ƙofa. Kwashe kashi 30 cikin 100 na ruwan, ka zuƙe kashin kifi da ragowar abincin da suka kwanta cikin tsakuwa, sabon ruwan kuma ka sa masa maganin kashe kulorin, zafinsa ya zo daidai da na tankin.

Sai ka ware mara lafiyan a ƙaramin tanki daban mai iska, ragarsa ma daban. Gishirin kifi gram 1 a kowace lita yana taimakawa, amma nau'in kifin da ake kira Corydoras ba sa jure shi sosai.

Wannan farin na baki fa, mutane da yawa sai su ɗauka fangas ne su ɗaga hita, wallahi nan ake asara, sau da yawa cutar bakteriya ce mai suna columnaris kuma zafi take so, tana iya gamawa da kifi cikin kwana biyu, gara ka sauke zafin a hankali zuwa digiri 24.

In kwana uku babu sauƙi, ko ciki ya kumbura ɓawon jiki ya mimmiƙe, sai antibayotik irin kanamycin, da shawarar likitan dabbobi. Cire gawayin filta kafin ka zuba don yana shanye maganin, kuma ka cika kwanakin ko da kifin ya fara cin abinci. A tankin warewa ake sa shi, a babban zai iya kashe bakteriya masu amfani da ke filta.

In da ciwo a hannunka sa safar roba kafin ka taɓa ruwan tankin, bakteriyar Mycobacterium marinum tana kama mutum ta nan.