Yadda Za a Kalli Fim Ɗin Karakter na Ƙasar Holan a Ji Daɗinsa

Duk da cewa fim ɗin Karakter ya lashe lambar yabo ta Oscar a shekarar 1998 a rukunin finafinan da ba na Turanci ba, da wuya a ji sunansa a bakin masu kallo idan an fita daga ƙasar Holan. Mike van Diem ne ya ba da umarninsa, ya fito a 1997, kuma an ɗauko labarinsa daga littafin Ferdinand Bordewijk na 1938. Fim ne da yake sakanta wa mai haƙuri, amma wanda ya tunkare shi da gaggawa zai iya tashi da zaton cewa labarin mugun uba ne kawai, alhali kuwa abin ya wuce nan.

Kafin a zauna kallo, yana da kyau a san sana'ar uban, wato Dreverhaven, domin a kanta aka gina komai. Ma'aikacin kotu ne mai zartar da hukunci a kan waɗanda bashi ya ci, shi ne yake zuwa ya ƙwace kaya, ya fitar da talakawan da suka kasa biyan kuɗin haya, a birnin Rotterdam na wajajen shekarun 1920. Doka tana bayansa a duk abin da yake yi, kuma wannan ne ya sa tsoronsa ya fi na ɗan fashi, tunda babu inda za a kai ƙararsa. Jan Decleir, ɗan wasan Beljiyam da ya hau wannan matsayi, ba ya yawan ɗaga murya. A lura da yadda yake cika ƙofa da doguwar kwat da faffaɗar hula kafin ya furta ko kalma ɗaya.

Haka kuma a sani cewa Rotterdam ɗin da ake gani a allo ba ta nan a yau. Jiragen yaƙin Jamus sun rusa tsakiyar birnin a ranar 14 ga Mayu, 1940, shi ya sa masu shirin suka nemi tsofaffin tituna a wasu birane, ciki har da Wrocław ta ƙasar Polan. Sanin haka yana sauya yadda ake kallon dogayen gine-ginen bulo, da rumbunan ajiya na bakin tashar jiragen ruwa, da lungunan da hasken rana ba ya isa, domin birni ne da aka sake haɗawa daga guntayen wasu birane.

A kalle shi da harshensa na asali tare da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, a ɗaki mai duhu, kuma a zama ɗaya, tunda tsawonsa bai wuce kimanin awa biyu ba. Labarin ya fara ne daga ƙarshe: an tsinci gawar Dreverhaven, 'yan sanda sun kama ɗansa, wani matashin lauya mai suna Katadreuffe, shi kuma yana ba su tarihin rayuwarsa. Kada a shagala da tambayar wanda ya yi kisan, domin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin tambayoyin fim ɗin.

Inda ya kamata a zuba ido sosai shi ne kan uwar, Joba. 'Yar aikin gidan Dreverhaven ce, ta sami cikinsa, ta bar gidan, sannan ta yi ta ƙin tayin aurensa tana mayar masa da kuɗin da yake aikowa. Da ɗan nata ma ba ta cika magana ba. Bahaushe mai kallo zai iya ɗaukar wannan shiru a matsayin kunyar da uwa take yi wa ɗan fari, amma ba ita ba ce, domin babu wata al'ada da ta ɗora wa Joba shiru, ita ta zaɓe shi, kuma da shi take yaƙar mutumin da ya fi ta ƙarfi ta kowace fuska. A dubi hannayenta a kan ɗinki, a dubi yadda take sauraron ɗanta ba tare da ta ɗago kai ba. A ganina, ita ce ta fi kowa taurin kai a cikin su ukun, kuma wanda bai gane haka ba zai rasa sanin inda yaron ya gado nasa.

Daga nan sai a bi sawun bashin. Katadreuffe ya ci bashi ya buɗe shagon taba, shagon ya karye, sai ta bayyana cewa bankin da ya ba shi rancen na mahaifinsa ne. Tun daga lokacin, duk sa'ad da ya ɗaga ƙafa a ofishin lauyoyin da ya sami aiki, sai uban ya sake tado maganar bashin. A nan mai kallo zai riƙa tambayar kansa ko wannan mugunta ce zalla, ko kuwa horo ne irin na mutumin da bai san wata hanyar nuna kulawa ba. Shawarata ita ce kada a yi saurin yanke hukunci, a kuma ƙidaya abin da yaron ya rasa a hanya, musamman Lorna te George, abokiyar aikinsa wadda ya bari ta kuɓuce masa saboda karatu ya cinye masa lokaci da zuciya.

Idan an sami damar kallo na biyu, a mayar da hankali kan De Gankelaar, lauyan da ya ɗauki yaron aiki ya kuma tsaya masa, domin ta wurinsa ne ake ganin irin uban da Katadreuffe bai samu ba. Wanda kuma ya kai ga littafin zai tarar cewa babu gawa kuma babu tambayoyin 'yan sanda a cikinsa, waɗannan ƙari ne na mai ba da umarni, don haka arangamar ƙarshe tsakanin uba da ɗa a littafin ta baki ce kawai.