Masu shirin ƙaura waje, ku fara da maganar kyanwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Yamai. Duk mai kyanwa a gida da ke shirin komawa Turai, don Allah kada ya bar zancenta sai ana ɗaure kaya.

In da ita za a tafi, ƙasashen Tarayyar Turai suna da tsari, kuma jerinsa ne ke kayar da mutane. Likitan dabbobi zai fara saka mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, sannan allurar ciwon haukan kare. In allurar ta riga na'urar, sai an sake. Bayan kwana 30 da yin allurar a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, daga ranar ɗibar kuma a jira wata 3. Kun ga wata 4 ke nan, ko da komai ya tafi daidai. Takardar lafiya ita ce ta ƙarshe, don kwana 10 kawai take aiki. Ku tambayi kamfanin jirgi tun kafin yankan tikiti. Da yawansu kilo 8 suke yarda a shiga da shi inda fasinjoji ke zama, kyanwar har da jakarta.

A ganina, tsohuwar mussa da ta saba yawon tsakar gida da hawan katanga, barinta ya fi mata sauƙi. Amma a hannun mutum takamaimai, ba "maƙwabta za su duba ta" ba. Ku kai ta tun kuna gari, a tsare ta a ɗaki kamar mako 2 da ruwa da abinci, in ba haka ba tsohon gida za ta nufa. Ku bar kuɗin abincinta, a kuma yi mata aikin hana haihuwa kafin ku miƙa ta.