Yadda Ake Amfani da Kalmar "Zur" a Rubutu

Kalmar "zur" aro ce daga Larabci, kuma an fi jin ta a bakin malamai da alƙalai, shi ya sa take da nauyin da "ƙarya" ba ta da shi. Ta zo a aya ta 30 ta Suratul Hajji, inda aka jera hani ga maganar zur tare da hani ga ƙazantar gumaka. A hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa.

Kafin ka sa ta a jimla, duba ko an nemi mutumin ya faɗi gaskiya ne a inda za a yanke hukunci, kuma ko haƙƙin wani ya rataya a kan maganarsa. Idan mutum ya tsaya gaban alƙali a rikicin gona, ya rantse cewa da idonsa ya ga marigayi yana dasa aduwa a kan iyaka, alhali bai taɓa taka gonar ba, wannan shi ne shaidar zur, domin da kalmarsa za a raba marayu da gadonsu. Yaron da ya lashi sukari ya musa kuwa, ƙarya ya yi. Yana damuna in ga an kira irin wannan zur, domin ana rage wa kalmar kaifi ne.

Galibi ba ta tsayawa ita kaɗai. Suna take bi, kamar "shaidar zur" da "maganar zur". Ana cewa "ya ba da shaidar zur", mutumin kuma "mai shaidar zur". Ba ta da alaƙa da "zur" ɗin da ke cikin "ja zur", wanda ƙarfafa launi kawai yake yi.

Wanda ya ƙirƙiri laifi ya ɗora wa wani, ƙage ya yi. Idan zina ya jingina masa ba tare da shaidu huɗu ba, ƙazafi ne. Mai tauye mudu kuma ha'inci ya yi.

Idan labarin kotu kake rubutawa, rubuta "ana zarginsa da ba da shaidar zur" har sai alƙali ya tabbatar da laifin a kansa.