Yadda ake gane tsohon kuɗin ƙarfe da aka goge

Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son kwabo da duhunsa na asali a kan wanda aka wanke ya yi fes. Gugar tana cinye fuskar ƙarfen, kuma ba ta dawowa, shi ya sa farashi ke faɗuwa.

Ka riƙe kuɗin ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Kashe sauran fitilu, ka bar ƙwai ɗaya mai haske, sannan ka riƙa karkata kuɗin a hankali kana juya shi. Wanda bai sha hannu ba, ƙyallinsa yakan zagaya kamar hannun agogo. Gogagge kuwa ko dai ya yi sheƙi bai ɗaya, ko ya yi fari fat ba rai.

Daga nan sai madubin ƙara girma mai ninki 10. Nemi siraran karce da suka jeru gefe guda a filin da ba rubutu. Aikin tsumma ne da toka, ko yashi, ko man goge ƙarfe na Brasso. A nan mutane ke ruɗewa, domin hatimin buga kuɗi ma yakan bar layuka idan an goge shi. Amma layin hatimi tudu ne, kuma yana tsayawa a gindin harafi. Karcen guga rami ne, yana hawa kan harafi da hoton sarki.

Duba kuma lungunan rubutu da lambobin shekara. In fili ya yi tas amma baƙin datti ko farin gari ya maƙale a kewayen haruffa, an goge. Tsumma ba ya kaiwa can.

Launi ya danganta da ƙarfe. Dalar Maria Theresa mai shekarar 1780 da sulallan Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1920 azurfa ne, tsufansu toka-toka ne ko ruwan zuma. Kwabo mai huda na tagulla, daga 1952, ruwan ƙasa yake komawa. In ya sha lemon tsami ko tsamiya sai ya yi ja-ja mai kodewa.

Alama mafi ƙarfi ita ce saɓani: hoto ya lashe saboda yawo, amma kuɗin na walƙiya. Irin wannan kada ka biya shi kuɗin lafiyayye.