Yadda ake samar da sarƙoƙin kabon da hasken lesa a cikin ruwan sinadari

Poliyin ƙwayoyin kabon ne jere a layi guda, kowane baki an toshe shi da haidurojin: C8H2, C10H2, C12H2 da sauransu. Samar da su bai kai riƙe su wuya ba.

A wanke faifan girafait (kabon zalla, irin na bakin fensir) mai tsabta, a kwantar da shi a gindin ƙaramar kwalba, a zuba ruwan sinadari, kamar metanol ko hekzen, mililita 5 zuwa 10. A busa iskar agon a ciki don korar oksijin. Lesar da aka fi amfani da ita ita ce nau'in da ake kira Nd:YAG, mai tsawon zangon haske nanomita 532 ko 1064, bugu 10 a daƙiƙa. A tattara hasken da madubin lens a kan fuskar girafait ɗin, ba a saman ruwan ba, domin tururin metanol ko hekzen nan take yake kama wuta. Tabaran kariya da ya dace da tsawon hasken dole ne.

Minti 15 zuwa 30 ya wadatar. Idan aka zarce, ruwan kan yi duhu da burbushin kabon, ya tare hasken kafin ya isa faifan. A riƙa juya faifan kada lesar ta haƙa rami wuri guda.

Zaɓen ruwan shi ne rabin aikin, don daga gare shi haidurojin yake fitowa. Ruwa zalla kan ba da gajerun sarƙoƙi, kuma kaɗan. Asetonaitiril ya fi ruwa zalla ba da sarƙoƙi da yawa, sai dai yakan haɗo da sarƙoƙi masu naitirojin a baki ɗaya. Toluwin kuwa yana shanye hasken UV (hasken da ido ba ya gani, wanda da shi ake gano sarƙoƙin) da ke ƙasa da nanomita 285, sai ya ɓoye abin da ake nema.

Bayan an tace da matatar PTFE (wata irin roba mai jure sinadarai) mai ƙofa maikuromita 0.2, a auna yadda samfurin ke shan hasken UV a mazubin kuwaz (quartz), don gilashi na tare UV. C8H2 kan bayyana wajen nanomita 226, C10H2 wajen 251, C12H2 wajen 275. Raba su ɗaya-ɗaya sai da HPLC, na'urar rarrabe sinadaran da ke gauraye cikin ruwa.

Kada a kuskura a busar da samfurin. Da sarƙoƙin sun kusanci juna sai su harɗe, su koma baƙin gari. A bar su tsarma-tsarma cikin kwalba mai duhu, a firji, a kuma auna da wuri, domin dogayen ne ke fara lalacewa.